Linzamin Jatau Mai Dawaki

Ku gyara zama, ku ajiye gardamar da kuke yi, ga wata na kawo muku wadda ta fi ta nauyi. Ba labarin dariya ba ne, na gaya muku tun yanzu. In na kai ƙarshe zan yi tambaya, kuma ba wanda zai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi abin da ya gani.

A Gangaren Kanya, wani gari da ke bakin kogi, an yi wani mutum ana ce masa Jatau mai dawaki. Ba sarauta gare shi ba, ba dukiya ba. Abu ɗaya ya iya: a kawo masa duƙushin da ya gagari kowa, ya mayar da shi abin da tsohuwa ma za ta hau ta je biki. Shekara arba'in yana wannan sana'a. Yana da wani tsohon linzami da ya gada wurin ubansa, rataye a bangon ɗakinsa, kuma kowa a garin ya san wanda ke riƙe da linzamin nan shi ne mai dawakin Gangaren Kanya.

'Ya'yansa maza uku ne, uwarsu ɗaya, sunanta Tabawa. Babban shi ne Barmo, ƙato mai faɗin ƙirji, wanda in ya riƙe igiya sai dai ta tsinke amma ba ta kuɓuce masa ba. Na tsakiya Nomau, shi kam tun ranar da wata goɗiya ta watsar da shi yana ɗan shekara bakwai ya yi sallama da dawaki, ya rungumi fartanya. Mutanen gari har tsokanarsa suke yi, wai ɗan mai dawaki da ko jaki ya yi kuka sai ya canza hanya. Autan kuwa Tunau, mahayi ne na gaske, ga zafin kai, ga son a yaba, kuma shi ne ɗan lelen uban.

Wata shekara goɗiyar Jatau ta haifi duƙushi baƙi wuluk, irin wanda masu dawaki ke kira akawal, ta mutu kwana biyu bayan haihuwar. Aka reni maraya a tsakar gida da madarar shanu, ya taso a sangarce, yau ya kifar da tukunya, gobe ya tauna shanya. Ran nan Jatau ya yi tafiya, Tabawa ta surfa gero ta shanya a tabarma. Ta shiga ɗaki ta fito, ta iske duƙushin ya tsoma kai yana ci, ya tattake sauran. Haushi ya kwashe ta, ta kai masa taɓaryar da ke hannunta a fuska. Ya faɗi, ya tashi, ya gudu bayan rumbu. Ba jini, kumburin ma ya sauka kafin maigidan ya dawo. Ba ta faɗa masa ba, don ba ta ga abin faɗa ba, daga baya ma ta manta.

Duƙushi ya girma ya zama abin kallo, ya kuma zama abin tsoro. Yana tsaye lafiya lau, mutum ya matso, sai kawai ya zabura, ko cizo ko harbi. Jatau ya ce maraici ne, zai bari. Da ya cika shekara uku, farkon damina bayan an gama shuka, Jatau ya ce lokacin sirdi ya yi.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da masu dawaki. Tun kaka da kakanni, ta hagu suke zuwar wa doki. Ta hagu ake sa ragama, ta hagu ake ɗaura sirdi, ta hagu ake hawa. Ku tambaye su dalili, sai su dube ku kamar kun tambayi abin da ya sa ake cin tuwo da hannun dama. Haka Jatau ya yi da hantsin nan. Tabawa na bakin murhu tana kallo ya ɗauko sirdi, ya zagayo ta hagun dokin a hankali, ya ɗora masa. Dokin ya yi wata irin ƙara, ya juya, ya zuba masa kofatai biyu a ƙirji. Kafin kowa ya motsa ya tsinke igiya, ya keta danga ya yi daji.

Jatau ya kwana uku yana aman jini. A rana ta uku, liman na zaune, 'ya'yan na durƙushe, ya buɗe ido ya ce, "Kada a kashe shi. Ba laifinsa ba ne." Ya ɗaga hannu yana nuna fuskarsa kamar zai ƙara wata magana, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya dubi matarsa ya ce, "Riƙe linzamina. Wanda ya hore shi a cikinsu ki ba shi, da linzamin da dokin." Liman ya tambayi magada ko sun yarda a cire dokin da linzamin daga cikin gado, a bi maganar mamaci, duk suka ce sun yarda. Da ma wa zai ƙi? Doki ne da ba mai so ko a kyauta. Kafin la'asar an rufe Jatau, Tabawa ta shiga takaba da linzami a ƙarƙashin matashinta.

Shekara talatin da shida suka yi tare, bai taɓa ba ta ajiya ta ci amanarsa ba. Ta tsani dokin nan kamar ta mutu, amma ta ƙudura a ranta cewa muddin tana numfashi ba za a taka maganar mijinta ta ƙarshe ba.

To, ga abin da Barmo ya yi.

Dokin, wanda yanzu gari ya raɗa wa suna Ajali, ya shiga fadama yana ɓarna. Ya tattake shuka, ya ciji wani makiyayi a hannu. Washegarin jana'iza maigari ya tara mafarauta riƙe da masu da kwari da baka, suka rutsa shi a wani kwazazzabo. Tabawa ba ta fita, a bakin Nomau ta ji yadda aka yi. An riga an ɗana kibau, sai Barmo ya ratsa mutane ya sauka cikin kwazazzabon, ya tsaya tsakanin kibau da doki, ya juya wa dokin baya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar kabarin ubanmu ko bushewa ba ta yi ba. Ya ce kada a kashe shi. A ba mu kwana arba'in."

Maigari ya ce, "In arba'in ta cika ba a hau shi ba fa? In ya sake taɓa wani ɗan garin nan fa?"

"In yanka shi da hannuna, in kwashi iyalina in bar gari, ba a ƙara ganina ba."

Maigari ya gindaya sharaɗi. Ranar arba'in ranar kasuwa ce. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Jatau zai hau dokin shi kaɗai, ba mai jan ragama, daga ƙofar gidan Jatau zuwa tsamiyar tsakiyar kasuwa, ya zagaya ta sau uku, ya dawo ƙofar gida a kan sirdi. Barmo ya ce ya ji.

Saura kamu, kuma ba wanda ya yarda ya taya shi. Ya zarga wa dokin igiya a wuya daga nesa, ya naɗe ƙarshenta a hannuwansa. Ajali ya fizga, ya ja shi ƙasa a kan duwatsu da ƙaya har wajen kwazazzabon. Mutane na ihu ya saki, ya ƙi. Ya samu wani marke ya zagaya da igiyar, ta matse hannunsa na hagu da jikin itacen, dokin na ja, igiya na ci. Da haƙora da gwiwa ya ƙulle ta. Da aka zo kwance shi, yatsu huɗu na hagun sun tafi, na daman kuma jijiyoyin sun tsinke, daga baya ya warke a ƙandare. Amma Ajali ya kwana a turke cikin gidan Jatau, da dabaibayi a ƙafa.

Da aka shigo da Barmo, Tabawa na ganin hannuwan ta koma ɗaki. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa kuka a gaban mutane. A bayan ƙyaure ta yi kukanta.

Tunau ya karɓi horo, ya kuma yi shi yadda ake yi wa doki mai taurin kai, da bulala da yunwa. Sai dai shi da ƙiyayya ya haɗa, don duk sanda ya dubi kofatan nan ƙirjin ubansa yake gani. Kwana goma Tabawa na jin ƙarar bulala daga ɗakinta. Dokin ya rame, haƙarƙarinsa suka fito, bayansa ya yi tsaga-tsaga, amma bai rusuna ba. A rana ta goma ya ciji Tunau a kafaɗa. Tunau ya jefar da bulala ya ce, "Inna, wannan ba doki ba ne, aljani ne." Aka zuba masa harawa ya ƙi ci, aka ajiye ruwa ya ƙi sha. Ya sunkuyar da kai yana jiran mutuwa.

Ga kuma abin da Nomau ya yi.

Tabawa ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, na san tsoronka. Amma ko ruwa ka riƙa miƙa masa, kada ya mutu a turke mu ci amanar mamaci." Nomau bai taɓa yi mata musu ba. Ya ɗauki ƙwarya ya ɗebo ruwa. Da yake shi ba mai doki ba ne, bai san hagu ba bai san dama ba, hanyar da ta fi kusa daga rijiya ya bi, ita kuwa ta daman dokin take. Ajali ya ɗaga kai ya dube shi, bai yi komai ba. Kwana biyu haka. A rana ta uku ya ɗebo ciyawa daga bayan rumbu, ya ɓullo ta hagu, dokin da ko tsayuwa ba ya iyawa sosai ya zabura kamar zai tumɓuke turken.

Da wani ne, da ya gudu ke nan ba dawowa. Shi kuwa manomi ne, ya saba tsayawa ya duba abin da ya sa wannan kunya ta yi kyau waccan ta ƙi. Ya zauna nesa ya yi tunani. Can ya ɗauko dogon kara ya ɗaura tsumma a kansa, ya zo ƙofar ɗakin uwarsa ya ce, "Inna, leƙo ki ga wani abu."

Ya miƙa karan ta dama, dokin ya ƙifta ido ya kawar da kai. Ya zagaya nesa ba motsi, ya miƙa shi ta hagu har tsumman ya kusa taɓa ƙwayar idon. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Nomau ya ce, "Idon nan garau yake kamar na lafiya, amma ba ya gani da shi. Shekara uku ana faɗo masa daga inda ba ya gani, Inna. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Abin da Baba yake so ya faɗa ke nan da ya nuna fuskarsa."

Ku duba fa. Mutumin da ya shekara arba'in yana karantar dawaki, da 'ya'yansa biyu gwanaye, ba wanda ya taɓa zagayawa ɗaya gefen, don ba a yin haka. Masu magana sun ce sabo turken wawa, ni kuwa na ce har mai wayo yana ɗaurewa.

Tabawa ba ta ji ƙarshen maganar Nomau ba. Gero ta tuna, shanye a tabarma, da nauyin taɓarya a hannunta, da gefen fuskar da ta samu. Ta zauna a dokin ƙofa. Ta gane ita ta kashe idon, idon ya kashe mijinta, ya cinye hannuwan ɗanta. Kunya da tsoro suka hana ta faɗa wa kowa. Daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi.

Nomau ya kawo tabarma ya shimfiɗa ta daman dokin, inda zai riƙa ganinsa. Tun fitowar rana har faɗuwarta yana nan, yana yi masa hira kamar mutum, yana rera 'yan waƙoƙin da yake yi in yana noma. Kullum ya matso da tabarmar taki ɗaya. A kwana na biyar dokin ya sha ruwa a ƙwaryarsa. A na tara ya karɓi dunƙulen dusa da kanwa daga tafin hannunsa, Nomau ya rufe ido yana salati don ya ɗauka hannun ya tafi. Daga nan ya wanke masa miyakun bulala, ya fara shafa wuyansa. Sannan ya koya masa abu mafi wuya: ya ɗora hannu a jikinsa, yana magana ba fasawa, ya zagaya a hankali zuwa hagu, don dokin ya san inda yake da kunne da fata tunda ido babu. Tsoron dawaki bai bar Nomau ba ko rana ɗaya, da shi ya yi aikin.

Amma lokacin noman firi ne, kuma ciyawa ba ta jiran kowa. Ya gwada tafiya gona wuni ɗaya, ya dawo ya iske dokin ya ƙi ci, ya koma zabura, aikin kwana huɗu ya rushe. Bai sake tafiya ba. Ya nemi gayya, mutanen gari suka ce ba za su yi wa mai renon abin da ya kashe ubansa noma ba. Matarsa Kande ta zo har gaban turke da goyo a baya ta ce, "Malam, geron ya nutse cikin ciyawa. Yara biyar gare mu. Doki za su ci da rani?" Ya ce ta yi haƙuri, saura kaɗan. Firi ya wuce, maimai ya wuce, gonar ta zama makiyaya.

Saura kwana goma, Ajali ya yarda da ragama, ya yarda da sirdi, in dai ta dama aka kawo su kuma Nomau na magana. Amma Nomau ba zai iya hawa ba, Barmo ba hannu.

Sai abin da Tunau ya yi.

Barmo ya kira shi ya ce, "Kai za ka hau, kuma ta dama za ka hau."

Tunau ya ce, "Yaya, ni ɗan Jatau in hau doki ta dama, a riƙa yi mini dariya har jikokina?"

Ya fita a fusace, ya ɗauki karan nan mai tsumma ya gwada da kansa, don bai yarda da maganar manomi a kan doki ba. Da ya ga idon bai ƙifta ba, ya tsaya yana duban tabon bulalarsa a bayan dokin. Tabawa ta gan shi ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar ranar jana'iza. Kwana goma ya yi yana dukan makaho don ya kasa gani.

Washegari suka kai Ajali kogi, Nomau na jan ragama, suka shiga da shi har ruwa ya kai masa ƙirji, inda doki ba ya iya tutsu sosai. Nan Tunau ya hau ta dama. Masunta da mata masu wanki suka kwashe da dariya, wani ya ce ga jikan masu dawaki ya manta hannunsa. Tunau, wanda da can ko kallon banza ba ya ɗauka, ya haɗiye. Dokin bai manta muryar mai bulala ba, sau bakwai ya watsar da shi a ranar farko. Ya sha ruwa, ya tashi, ya sake hawa. Ya koyi waƙoƙin noman Nomau, shi da bai taɓa riƙe fartanya wuni guda ba, yana rera su a kunnen dokin. Ya koyi taɓa shi da dunduniya ta hagu kafin wani abu ya wuce ta can, don ya san da zuwansa. Ya zama shi ne idonsa na hagu. Daga ruwa suka koma rairayi, daga rairayi suka koma hanya.

Ranar arba'in an yi ruwa da safe, hanya duk taɓo. Gidan Jatau na kallon hanyar kasuwa, Tabawa ta tsaya bayan danga ta sa ido a wata kafa. Mai shela ya riga ya zagaya ya ce kowa ya kauce, kada wanda ya gifta ta hagun dokin. Tunau ya hau, ya tafi a hankali, bakinsa na motsi. Ta ga baƙin dokin ya ɓace cikin mutane, ta ji kasuwa ta yi tsit. Can ta hango su sun zagaya tsamiya sun juyo, ta fara hamdala.

Saura kamar taki talatin su iso, wata mai tallar nono, baƙuwa daga ruga wadda ba ta ji shela ba, ta fito daga lungu ta hagu da ƙwarya a ka da jariri a baya. Jaririn ya tsala kuka daidai kunnen dokin. Tabawa ta ga Ajali ya tattara jikinsa, irin tattarawar da ta gani da hantsin nan da ya kashe mijinta. Tunau ba shi da lokacin waƙa. Ya fizgo kan dokin wajen matar da dukan ƙarfinsa don kofatan baya su juya ɗaya gefen, ya saki nauyinsa gaba ɗaya, ya kayar da shi cikin taɓo a kan cinyarsa. Har bayan danga Tabawa ta ji ƙarar ƙashin.

Matar ta tsira, ko nonon bai zube duka ba. Dokin ya miƙe yana rawar jiki, Tunau na kwance bai saki ragama ba, yana yi masa magana da muryar da ba ta fita sosai. Ajali bai gudu ba, bai yi harbi ba, ya sunkuyo yana shinshinar fuskarsa.

Maigari ya matso ya ce, "Bai taɓa kowa ba, na gani. Amma sharaɗi a dawo ƙofar gida a kan sirdi."

Maɗorin gari na wurin, ya ce, "In aka motsa ƙafar nan kafin a ɗaure ta, ba za ta ƙara zama ƙafa ba."

Tunau ya dubi Barmo, wanda zai bar gari da hannuwa matattu in aka tsaya nan. Ya ce, "Yaya, kawo kafaɗarka." Barmo ya durƙusa, Nomau ya riƙe kan dokin yana yi masa waƙa, suka ɗora shi ta dama, suka ja da baya. Taki talatin ɗin nan ya yi su shi kaɗai, ƙafar na lilo, ya cije leɓe har jini. A ƙofar gida ya sume ya faɗo a hannun 'yan'uwansa. Maigari ya ce doki ya kuɓuta, Barmo ya zauna a garinsu.

Maganar maɗori ta tabbata. Ƙafar ta haɗe a gajarce, a sandare, ba za ta ƙara shiga likkafa ba.

Da Tabawa ta fita takaba, kaka ta yi, kowa na ɗaure dammuna. Rumbun Nomau wayam. Kande ta kwashe yara ta koma gidan ubanta, ta ce ba za ta zauna ta ga suna kukan yunwa ba, an yi biko sau biyu ta ƙi dawowa. Barmo sai matarsa ta ɗaura masa wando. Tunau na jan ƙafa da sanda, samarin da yake tsere da su suna wucewa a kan dawakinsu suna kawar da kai don tausayi. Ajali kuwa ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, yana tsaye a turke lafiya lau.

Ta kira su uku, ta ɗauko linzamin ta ajiye a cinyarta. Kafin komai ta faɗa musu zancen gero da taɓarya, ba ta rage ko kalma ba. Barmo ya dubi hannuwansa ya ce, "Allah ya riga ya rubuta, Inna." Nomau ya ce, "Na sani tun ranar da na fara shafa fuskarsa. Akwai loɓawa a ƙashin, faɗin bakin taɓarya." Tunau ya juya fuskarsa ga bango ya ce, "Ke sau ɗaya kika buge shi, ba da sani ba. Ni kwana goma na yi."

Ta ce, "Ubanku ya ce wanda ya hore shi. Mutum ɗaya ya ce, bai ce uku ba." Ta ɗaga linzamin, hannunta ya tsaya a sama. Ba wanda ya miƙo hannu, ba kuma wanda ya ce ya yafe, don kowannensu abin da ya rage masa a duniya ke nan da zai nuna ya ce ga abin da na saya da rayuwata.

Kada wani ya ce mini a sayar a raba, mamaci bai ce haka ba, kuma ba mai sayen dokin da ya kashe ubangidansa. Kada a ce su haɗa su riƙe, linzami ɗaya ne, baki ɗaya yake shiga, kuma gari mai dawaki ɗaya yake sani.

Ba don Barmo ba, da kibau sun gama da dokin a kwazazzabo, ba a ma kai ga zancen horo ba. Ya ba da hannuwansa, yanzu ba shi da yatsun riƙe linzamin.

Ba don Nomau ba, da dokin ya mutu a turke, ko ya kashe na biyu, ana ta zuwar masa ta hagu. Ya ba da gonarsa da iyalinsa, kuma har gobe ba zai iya ɗora ƙafa a kan doki ba.

Ba don Tunau ba, da arba'in ta cika ba a hau ba, ko jinin jariri ya zuba a hanyar kasuwa, a yanka doki, Barmo ya bi duniya. Ya ba da girman kansa da ƙafarsa, ya hau sau ɗaya a gaban jama'a, ba zai sake ba.

Tsohuwa na nan zaune da linzami a hannu, ta ce ita bakinta ya mutu, ba ta da ikon yanke wannan hukunci. To, ku da kuke da baki, wa za ta miƙa wa a cikin ukun nan?